Bishiyar Gidan Wrenholt

Ni ne Ozias Tuck, magatakardan gidan nan.
Shekara ta dubu da ɗari shida da ashirin da uku,
ruwa na dukan taga tun la'asar,
kyandir ya kusa cinye kansa.

Jibi masu tantance asali za su iso daga Landan,
su bincika wa ya haifi wa,
su ga ko tambarin da ke bisa ƙofa
na gado ne ko na kasuwa.

Maigida Gervase ya shimfiɗa mini fata,
ya ce, "Zana bishiya.
Fara daga jarumin da ya ƙetaro teku da takobi."
Na ce, "Ranka ya daɗe, sunansa fa?"
Ya ce, "Kai ke riƙe da alƙalami."

To, na raɗa masa suna.
Na ba shi doki, na ba shi garkuwa,
na kashe shi a yaƙin da babu mai tunawa.
Tawada ba ta gardama.

Amma saiwar da na sani majemi ce:
Hob Wren, wanda ko karnuka ke kauce wa warinsa,
ya ɗora sule bisa sule a tukunyar ƙasa.
Ranar da aka kori sufaye daga Skelby
aka kwashe dalmar rufinsu,
shi ya zo da jaka.
Ya sayi gandun, ya ƙara wa sunansa wutsiya,
ya hana a ambaci kirgi a gabansa.
Wa ya sani, ko fatar nan da nake rubutu a kai
jikar wadda ya jeme ce?

Ga lissafin, ba ni na ƙirƙira shi ba:
eka ɗari uku a Skelby, da tumaki dubu;
maniƙar ruwa ta Otterbeck, fam tara duk shekara;
kurmin Hagg, wanda Lettice ta shigo da shi gara,
ta mutu a haihuwa ta bakwai,
kurmin ya zauna.
Fadamar Low Garth tana jingina
tun da Marmaduke ya san hanyar gidan caca.
Wannan an ce kada in rubuta.

Maza kowa da reshensa, har da wanda ya kwana uku a duniya.
Mata kuwa, layi ɗaya:
"da 'ya'ya mata huɗu."
Ursula ce ta riƙe mabuɗan gidan shekara goma sha tara,
ta san kuɗin kowane buhun sha'ir,
ita ta hana Otterbeck bin Low Garth.
Na nemi gurbin sunanta,
aka ce fata ta yi tsada.

Sai na iso kan wani fili:
"Makiyaya ta yamma, eka arba'in, mai shinge."
Nan hannuna ya tsaya.
Kafin shinge, kunyoyin mutanen ƙauye ne.
Ta uku daga bakin rafi ta kakana ce,
wake yake shukawa, saniyarsa ɗaya, mai karyayyen ƙaho.
Ya mutu yana yi wa tumakin wani sausaya.
Ƙayar shingen ta yi girma yanzu,
tsuntsaye na sheƙa a ciki
kamar tun fil azal take.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne.
Wanda ya faɗa bai ga ƙaryar da aka buga wa hatimi ba.

Gobe zan shafa wa ganyen ruwan zinariya.
Amma can ƙasa, inda saiwoyi suka cukuikuye,
inda idon baƙo zai ɗauka ado ne,
na ja ƙananan layuka huɗu da sunayensu,
da wuƙar jima ɗaya,
da ƙwayar wake.

Kyandir ya mutu. Na ji Gervase a sama
yana tari, yana kiran magajinsa.